Ranar da Ƙasa Ta Motsa a Kwoi: Jawabin Wayar da Kai ga Jama'ar Kafanchan da Kewaye



Abin da ya tara mu yau shi ne maganar girgizar ƙasa. Yawancinmu mun taso ne muna ɗaukar wannan abu na mutanen nesa ne, irin su Japan da Turkiyya, mu kuwa namu shi ne mu ji a rediyo mu jajanta. To, a shekarar 2016 maƙwabtanmu na Kwoi sun ji ta a ƙarƙashin ƙafafunsu. Nufina shi ne in bayyana muku abin da suka ji, da dalilin da ya sa suka ji shi haka, da abin da ya wajaba mutum ya yi in ta sake zuwa. Gama girgiza irin wadda ƙasarmu ta saba gani ƙarama ce, ɓarnar da za ta yi kuwa ta dogara ne ga abu uku da ke hannunmu, watau natsuwarmu, da bakinmu, da irin ginin da muke kwana a ciki.

Abin da ya faru a Kwoi

Ranar Lahadi, 11 ga watan Satumba 2016, da Litinin 12 ga wata, wadda ta zo daidai da ranar Babbar Salla, ƙasa ta motsa a Kwoi, hedkwatar Ƙaramar Hukumar Jaba, da garuruwan da ke kewaye da ita irin su Nok da Sambang da Chori. Ba sau ɗaya ta yi ba. Sai ta yi, ta lafa, mutane su fara komawa ɗaki, ta sake yi. Mazauna wurin sun ba da labarin ƙara mai firgitarwa da rawar gine-gine. Bangon gidaje ya tsattsage a wurare, mutane suka fito fili a guje, waɗansu suka ƙi kwana a ɗakunansu. Gwamnan Jihar Kaduna na lokacin, Malam Nasir El-Rufa'i, ya roƙi jama'a su kwantar da hankali, aka kuma sanar da hukumomin da abin ya shafa.

Gwamnatin Tarayya tana da Cibiyar Nazarin Motsin Ƙasa a garin Toro, cikin Jihar Bauchi, ƙarƙashin hukumar binciken sararin samaniya, watau NASRDA. Na'urorin wannan cibiya sun kama motsin, masananta kuma suka auna ƙarfinsa a wajen maki 3. Allah ya kiyaye, abin ya tsaya ga tsagewar bango da tashin hankali.

Yadda mutum yake jin ta

Labarin waɗanda suka taɓa jin girgiza, ko a Kwoi ko a wani gari, yakan zo kusan iri ɗaya, domin abin yana da tsari.

Da fari ƙara ce. Wani zai ce kamar cida daga nesa, wani zai ce kamar tifa ta sauke duwatsu a bayan gida. Dattawan Kafanchan da suka girma kusa da tashar jirgin ƙasa sun san yadda ɗaki yake ɗaukar rugugi in jirgin kaya yana shigowa. To kusan haka ne, sai dai wannan rugugi daga ƙarƙashi yake tasowa, mutum ya waiwaya gabas da yamma ya rasa ta inda ya fito. Watan Satumba kuwa damina ce, saboda haka abin da zai fara zuwa ran mutum shi ne tsawa, har sai ya ɗaga kai.

Bayan ƙarar sai bugu, kamar an bangaje gidan daga tushe. Sa'an nan sai rawa: kwanon rufi yana kaɗawa, ƙofa da taga suna ƙara, kwanuka da tangaran suna karo da juna, ruwan randa yana tangal-tangal, ƙura tana zubowa daga silin. Duka-duka 'yan daƙiƙoƙi ne, amma wanda yake ciki zai rantse an yi minti biyar.

Dalilin wannan jeri shi ne, in dutse ya goce a cikin ƙasa, motsi iri biyu ne yake fitowa daga wurin. Na farko mai turawa ne, yana gudun kilomita 6 ko kusa da haka a daƙiƙa ɗaya, shi ne yake fara isowa da ƙara da bugu. Na biyu mai kaɗawa ne gefe da gefe, gudunsa bai kai kilomita 4 a daƙiƙa ba, shi ne yake zuwa daga baya ya girgiza ɗaki. Kun san yadda ake ganin walƙiya kafin a ji tsawa, in tazararsu ta yi yawa a san hadarin yana nesa. Haka nan ma a nan. Kowace daƙiƙa ɗaya tsakanin bugu da rawa tana nuna nisan kilomita 8 ko makamancin haka. Wanda ya ji su tare, to a kan abin yake zaune.

Sau da yawa gardama takan tashi a gida ɗaya: uwargida ta ce ƙasa ta motsa, maigida da ya dawo a kan babur ya ce mafarki ta yi. Dukansu gaskiya suka faɗa. Wanda yake kwance ko zaune shiru ya fi jin ta a kan mai tafiya ko mai noma. Na saman bene ya fi na ƙasa ji. Gidan da ke fadama, a kan ƙasa mai taushi ko cikon rami, ya fi kaɗuwa a kan wanda ke bisa fa, domin ƙasa mai taushi ƙara wa motsin ƙarfi take yi, kamar yadda kunu yake rawa a ƙwarya tuwo yana zaune.

Akwai kuma abin da yake biyo baya, wanda mutane suke jin kunyar faɗa. Wani yakan yi kwanaki yana jin jiri, ko ya ji kamar gado yana motsi alhali kuwa ba abin da ya motsa. Wani barci ya gagare shi, yaro ya ƙi kwana shi kaɗai, in mota ta wuce kowa ya zabura. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Wannan ba rauni ba ne, yakan wuce da kansa. A bar yara su faɗi abin da suka ji, a kuma gaya musu sunan abin da gaskiya. In abin ya daɗe wa mutum har ya hana shi aiki, sai a kai shi asibiti.

Me yake kawo ta?

Ku ɗauki ƙwarya babba wadda ta fashe gida-gida, aka sake jera sakainun wuri ɗaya. Haka ɓawon duniya yake. Dutse ne mai kauri, a ƙarƙashin ƙasashe irin tamu yakan kai kilomita 30 zuwa 40, amma ba guda ɗaya ba ne, manyan sakaina ne waɗanda suke matsawa sannu a hankali, 'yan santimitoci a shekara, kwatankwacin yadda farcen mutum yake tsiro. Inda bakin wata sakaina ya haɗu da na wata, nan ake gogayya, nan ne kuma manyan girgizoji suke aukuwa. Japan da Turkiyya a irin wannan baki suke zaune.

Nijeriya tana tsakiyar sakainar Afirka ne, nesa da baki. Wannan rahama ce babba. Amma tsakiyar ma tana da tsofaffin tsage-tsage waɗanda suka daɗe da haɗewa, kamar ɗinkin ƙwarya. Masana duwatsu sun san da dama daga cikinsu, mafi shahara ita ce wadda ta taso daga wajen Ifewara a Jihar Osun ta nufo Zungeru a Jihar Neja. Matsin da sakaina take sha daga bakinta yana ratsowa har tsakiya, ya yi ta taruwa shekaru aru-aru, ran nan sai wani tsohon ɗinki ya ɗan goce. Gocewar nan ita muke ji. In ta faru kusa da doron ƙasa, ko da ƙarama ce, waɗanda ke bisanta za su ji ta da ƙarfi, na nesa kaɗan kuwa ba za su san an yi ba.

Aikin ɗan Adam ma yana iya kaɗa ƙasa, musamman fasa dutse da nakiya. Shi ya sa da aka ji motsi a Mpape ta Abuja cikin watan Satumba 2018, hukuma ta dakatar da fasa dutse da haƙar ma'adinai da ginin rijiyar burtsatse a yankin na ɗan lokaci, domin a bincika. Na'ura tana iya bambance motsin nakiya da na gocewar dutse. Kunnen mutum ba ya iyawa.

Yadda ake auna ta

Makin da kuke ji ana faɗa a rediyo ya samo asali ne daga wani masani Ba'amurke, Charles Richter, wanda ya tsara ma'auninsa a 1935. Daga baya an gyara lissafin, amma tsarin yana nan. Sai dai a lura, maki 6 ba ninki biyu na maki 3 ba ne. Kowane mataki ɗaya da aka hau, ƙarfin da ƙasa ta saki yana ninkuwa kusan sau 32. Watau girgiza mai maki 6 ta fi mai maki 3 ƙarfi fiye da sau 30,000.

Mai maki 3, irin ta Kwoi, ana yin fiye da 100,000 irinta a duniya kowace shekara. Mai maki 4 takan kaɗa gari guda, ta kayar da kaya daga kan kanta. Mai maki 5 ita masana suke kira matsakaiciya: tafiya takan yi wa mutum wuya, kabad ya gusa, filasta ta zubo, katanga marar ƙarfi ta faɗi. Daga maki 6 zuwa sama kuwa sai addu'a. Ta Maroko, ranar 8 ga Satumba 2023, maki 6.8 ce, ta hallaka mutum kusan 3,000, galibinsu a ƙauyukan kan duwatsu masu ginin ƙasa da dutse. Ta Turkiyya da Siriya, ranar 6 ga Fabrairu 2023, maki 7.8 ce, ta ci rai fiye da 50,000.

Ba yau aka fara ba

Kada wani ya ɗauka ƙasar Jaba aka ware. A 1984 an ji girgiza a Ijebu-Ode da kewayenta har zuwa Ibadan. A 2009 an ji wata a garuruwan kudu maso yamma. A shekarar 2016 ɗin nan ta Kwoi, mutanen Saki a Jihar Oyo su ma sun ji tasu. Mpape ta ji a 2018, ta kuma sake ji a Satumban 2024. Duk waɗannan ƙanana ne.

Amma maƙwabtanmu na Afirka ta Yamma, waɗanda suke kan sakaina ɗaya da mu, sun ga manya. Ranar 22 ga Yuni 1939 girgiza mai fiye da maki 6 ta afka wa birnin Akara na ƙasar Ghana, ta rushe gidaje ta kashe mutane, har a Ikko aka ji ta. A watan Disamba 1983 wata ta afka wa arewa maso yammacin Gini, ta hallaka ɗaruruwan mutane. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Baki ya fi girgiza saurin tafiya

Jama'a, ga abin da nake so ku riƙe ko da kun manta sauran. Har yau ba wani masani, ba wata na'ura, ba wata hukuma a duniya da take iya faɗar rana da sa'ar da ƙasa za ta girgiza. Masana suna iya cewa wuri kaza yana da hatsari, amma ba sa iya sa rana. Saboda haka duk saƙon da ya shigo wayarka yana cewa daren yau ƙarfe kaza za a yi girgiza, ƙarya ce, kada ka tura wa kowa. A watan Janairu 2010, 'yan kwanaki bayan babbar girgizar Haiti, irin wannan saƙo ya zagaye Ghana cikin dare, dubban mutane suka fito suka kwana a fili har gari ya waye, ba abin da ya faru.

A wannan yanki namu akwai wani hatsari na dabam. Mun sha wahala, kunnuwanmu kuma a tsaye suke. In aka ji ƙara cikin dare, gida ya kaɗa, abin da zai zo bakin wani shi ne bam, ko hari, kafin gari ya waye har an sami wanda za a ɗora wa. Mun san abin da irin wannan magana ta taɓa jawo mana. Girgizar ƙasa ba ta da ƙabila, ba ta tambayar addinin mai gida. A Kwoi ta zo ranar Lahadi, ta kuma zo ranar Salla. Wanda ya ji ƙara ya faɗi abin da ya ji kawai, kada ya ƙara da abin da ya zata. Limamai da fastoci, ku jama'a ta fi saurara a irin wannan rana. Ku yi musu addu'a, ku kuma gaya musu abin da masana suka auna.

Abin yi in ƙasa ta motsa

Na ɗaya, ka durƙusa tun kafin ta kayar da kai, ka kare kanka da wuyanka da hannu. In akwai tebur mai ƙarfi ko benci ko gado, ka shiga ƙarƙashi ka riƙe ƙafarsa har ta lafa. Ka nisanci gilashin taga da kabad.

Na biyu, in kana cikin taro, a coci ko masallaci ko aji ko rumfar kasuwa, kada ka ruga ƙofa. Turmutsitsi a bakin ƙofa yana iya kashe wanda girgizar ba za ta taɓa ba. Malami ya ce wa yara su shiga ƙarƙashin teburansu, in ta tsaya su fita layi-layi. Wanda yake saman bene kada ya yi tsalle ta taga, kada kuma ya bi matakala ana cikin rawar.

Na uku, in kana ɗakin ƙasa ne, ƙofa tana kusa, tsakar gida kuma fili ce, to ka fita cikin natsuwa ka tsaya a tsakiyar fili, nesa da katanga da rumbu.

Na huɗu, in a waje ta same ka, ka nisanci gini da turken wutar lantarki. Mazauna gindin duwatsu, irin na Kagoro, su kula da gangarowar dutse, musamman da damina. Direba ya tsaya gefen hanya, ba a kan gada ba.

Na biyar, da ta lafa a kashe risho da murhu, a rufe tukunyar gas, a duba tsofaffi da marasa lafiya da yara. A sa rai za ta iya maimaitawa, kamar yadda ta yi a Kwoi.

Abin da ka ji shaida ce

Na'urorin auna motsin ƙasa ba su kai kowane gari ba, saboda haka labarin mai ji yana da daraja ƙwarai wurin masana. Da irinsa suke zana taswirar inda girgiza ta fi ƙarfi, har su gane tsagar da ta goce. In ka ji motsi, ka rubuta rana da lokaci, da inda kake, da ko kwance kake ko tsaye, da ko ƙara ta riga rawa, da abin da ya faɗi ko ya tsage. Ka ɗauki hoton tsagar da wayarka. Ka kai wa mai unguwa ko dagaci, shi kuma ya kai ofishin ƙaramar hukuma, daga nan ya isa hukumar agajin gaggawa ta jiha da NEMA da hukumar binciken ƙarƙashin ƙasa ta tarayya, watau NGSA. Malaman makaranta suna iya tattara labarin unguwa guda a littafi ɗaya.

Game da bango kuwa, tsaga siririya kamar gashi a jikin filasta ba abin tsoro ba ce. Wadda ake gudu ita ce wadda ta karkace daga kusurwar ƙofa ko taga, ko ta ratsa bango ciki da waje, ko ta raba bango biyu a kusurwa. Ka liƙa takarda a kan tsagar, ka rubuta kwanan wata. In takardar ta yage, tsagar tana buɗewa ke nan, sai a kwashe iyali daga ɗakin a kira injiniya.

Gini shi ne rigakafi

A duk ƙasar da girgiza ta ci rai, yawancin mutanen gini ne ya faɗo musu. Mu kuwa mun ga benaye suna rushewa a biranenmu ba tare da ƙasa ta motsa ba. Ginin da yake neman faɗuwa da kansa, ƙaramar girgiza ta ishe shi.

Wanda ya sayar da cittarsa ya tashi yin gini, ya tuna da wannan. A haƙa harsashi har a tarar da ƙasa mai ƙarfi. A sayi bulo mai isasshen siminti, wanda ba ya marmashewa in an kankare shi da ƙusa. A zagaye ɗaki duka da linta mai rodi, kada a tsaya kan ƙofa da taga kawai, domin ita ce ɗamarar da take riƙe bango huɗu su zama abu ɗaya. A ɗaure katakon rufi da wannan linta. Doguwar katanga a sa mata ginshiƙai. Kada a ɗora bene a kan ginin da ba a yi harsashinsa domin bene ba, sai da injiniya da iznin hukumar tsara birane. Masu ɗakin ƙasa su riƙa yaɓe kowace shekara, su kare gindin bango daga ruwa. Abin da birkila zai rage maka na buhu biyu na siminti, iyalinka ne za su kwana ƙarƙashinsa.

Shugaban taro, jama'a, ƙasar nan da muke takawa ta ɗauki mutanen Nok fiye da shekara 2,000 da suka wuce, tana kuma ɗauke da mu yau. Ba na kira ga kowa ya bar gidansa ko gonarsa ba. Roƙona shi ne kowane maigida ya koma ya duba bangonsa, kowane malami ya gwada wa ɗalibansa yadda ake shiga ƙarƙashin tebur, kowane mai unguwa ya san inda zai kai rahoto. Ku kuma isar da wannan bayani ga waɗanda ba su sami zuwa ba.

 Allah ya kiyaye mu, ya zaunar da ƙasarmu lafiya.